Hanyar Burji a Bakin Kogi: Damar da Malali Ke Gab da Rasawa

Bayan an sallame sallar asuba, titin Rabah da ya miƙa zuwa Malali yakan ba mai keke ɗan lokaci na sukuni. Kafin ƙarfe bakwai wannan lokaci ya ƙare. Motocin kai yara makaranta sun fito, masu Keke Napep suna tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, tifofin yashi suna neman a ba su wuri, mai keke kuwa sai ya koma can gefen kwalta, tsakanin madubin mota da bakin kwata. Uban da ya ga haka sau ɗaya ba zai saya wa ɗansa keke ya ce ya riƙa zuwa makaranta da shi ba. Babu kuma wanda zai ga laifinsa.

Tafiyar mintuna kaɗan daga wannan hayaniya, ta gabas, Kogin Kaduna ne ke kwance. A gaɓarsa akwai lambunan rani, da itatuwan mangwaro, da siraran hanyoyin da sawun manoma da masunta ya fitar. Ƙarar mota ba ta isa can sosai. Wannan tsirin ƙasa shi ne abin da Malali ta mallaka wanda unguwanni da yawa a manyan biranen Arewa ba su da irinsa, kuma shi ne gine-gine ke cinyewa fuloti bayan fuloti. Abin da ya kamata Kaduna ta yi da shi a fili yake: ta keɓe shi da doka, ta shimfiɗa masa hanyar burji, ta hana mota da babur shiga, ta bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. Aikin ba shi da tsada. Jinkirinsa ne ke da tsada, domin filin da aka kafa wa katanga ba ya dawowa.

Wasan da ƙauye ya riga birni

A shekarar 2006, a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, mutum 34 suka fito tseren keke na mil 200, wato kimanin kilomita 320, a kan hanyoyin tsakuwa da ke ratsa gonaki da makiyaya. Wannan tsere, wanda yanzu ake kira Unbound Gravel, yana tara dubban mahaya kowace shekara. A 2022 hukumar tseren kekuna ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta irin wannan hawa a yankin Veneto na Italiya. Kamfanoni suka ƙera masa kekensa na musamman: jikinsa kamar na keken tsere, amma tayarsa mai kauri ce, daga milimita 35 zuwa 50, inda ta keken kwalta ba ta cika wuce 28 ba. Babban abin da ya ja mutane zuwa gare shi bai wuce gudun mota ba. Sun gaji da hawa da ransu a hannu, sai suka bar wa mota kwaltarta suka shiga hanyoyin daji da na bakin ruwa.

Wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa zai yi murmushi idan aka karanta masa wannan bayani. Tayar tsohon keken Raleigh ko Phoenix, wanda malamin makaranta da ɗan koli da mai sayar da madara suka yi shekaru suna ratsa ƙauyuka da shi, kaurinta inci ɗaya da rabi ne, kimanin milimita 38. Ke nan ma'aunin da masu ƙera kekunan zamani suka dawo gare shi bayan dogon bincike shi ne wanda ake faci a gindin bishiyar kowace kasuwar ƙauye. Hanyar da Bature ke biyan kuɗin jirgi don ya hau, ita ce burjin da ɗan ƙauye ke roƙon gwamnati ta rufe masa da kwalta.

Birnin Kaduna kuwa ya yi wa keke saki tun da jimawa. Daga 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, ma'aunin ma'aikacin da ya samu ya zama 504, keke ya koma alamar wanda bai kai ba tukuna. Abin ban dariya shi ne gidan Peugeot ɗin da kansa ya fara ƙera keke a Faransa tun 1882, shekaru kafin ya fitar da motarsa ta farko. An yi yunƙurin maido wa keke daraja da wa'azi. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya riƙa hawa keke zuwa aiki a Abuja don ya zama abin koyi, har ranar da wata bas ta ture shi cikin rami. Darasin wannan rana bai tsufa ba: kira ga mutane su hau keke ba tare da an ba su wurin hawa ba, tura su ne gaban mota. Aikin sabunta birnin Kaduna da aka ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya sake gina gadar Kawo, ya gyara Dandalin Murtala, kuma mazauna garin sun ga amfaninsa. Sai dai titi mai faɗi da santsi yana ƙara wa mota gudu, kuma gudun mota shi ne ajalin mai keke.

Tafki da daji da hannu ya yi

Akwai wuri a arewacin Ingila, dab da iyakar Sikotilan, da ya kamata masu tsara Kaduna su duba. Sunansa Kielder. Dajinsa ba na asali ba ne, hukumar gandun daji ce ta fara dasa shi a shekarun 1920 don samar da katako. Tafkinsa ma dam ne, an buɗe shi a 1982 don ya shayar da masana'antun arewa maso gabashin ƙasar, waɗanda suka fara durƙushewa tun kafin ruwan ya cika. Daga baya aka zagaye tafkin da hanya mai tsawon mil 26, kimanin kilomita 42, wadda mota ba ta bi. Yau mutane suna zuwa daga nesa su yi hayan keke, su kwana, su ci abinci, kuma kowace bazara ana yin wani tseren tsakuwa na kilomita 200 a hanyoyin da aka fasa tun farko don motocin ɗaukar katako.

Kaduna tana da duka biyun. Dam ɗin Kangimi da ke Ƙaramar Hukumar Igabi, ta gefen hanyar da ta tashi daga Mararrabar Jos, an gina shi a shekarun 1970 don ya riƙa ƙara wa kogin ruwa da rani. Ruwan da ya saki yana gangarowa har zuwa gidan ruwa na Malali, inda ake tace shi a tura wa arewacin birnin. Gandun dajin Afaka, a yamma da Mando, an keɓe shi tun 1954, kuma a cikinsa masana gandun daji suka yi shekaru suna gwajin dashen itacen turare da wasu itatuwan waje a tsakanin doka da kaɗanya na asali. Tafki da daji, da kogi a tsakani, duka a kewayen gari ɗaya mai tsayin kusan mita 600 daga teku, wanda safiyarsa ta hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ke da sanyin da mahayi zai yi sa'o'i uku bai galabaita ba. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta haɗa su da ƙofar gidan mutane.

Tunanin ma ba sabo ba ne. Tsarin birnin da Max Lock da abokan aikinsa suka miƙa wa Gwamnatin Arewa a 1967, wanda ya yi hasashen Kaduna har zuwa 2017, ya bar fadamar kogin a matsayin fili mai kore da ba na gini ba. Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk mazaunin garin. An yanka fulotai a inda ruwa ke kwanciya, kuma a 2003 da 2012 kogin ya zo ya karɓi abinsa, ya shiga gidaje daga Unguwar Rimi zuwa Kabala da sabon yankin titin Kigo. Wannan ya ƙara wa hanyar burji wata hujja da ba ta shafi wasa ba. Idan ambaliya ta rufe hanya ta kwana goma, sai a jira ruwa ya janye a zuba marmara a daddaɓe. Idan ta rufe gida, iyali ne suka tagayyara. Babu amfanin da ya fi dacewa da gaɓar kogi mai cika kamar wanda ruwa ba zai iya yi wa babbar ɓarna ba.

Maganar tsaro

Mai hankali zai tsayar da zancen a nan ya ce: wane daji? A daren 11 ga Maris 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka. A watan Agustan wannan shekara aka kai hari cikin Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da ke maƙwabtaka da ita. A 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A garin da ya ga waɗannan, kalmar daji ta daina tuna wa mutane inuwa da kukan tsuntsaye. Wanda ya ce wa likita ko malamar jami'a su ɗauki keke su shiga Afaka ranar Asabar bai yi musu adalci ba, kuma wannan rubutu ba ya cewa a yi hakan.

Amma akwai tambayar da ta cancanci amsa: me ke faruwa da dajin da mutanen kirki suka ƙaurace wa? Nairobi ta san amsar. Dajin Karura, mai faɗin kadada dubu ɗaya da 'yan kai a cikin birnin, ya yi shekaru yana matsayin maɓoyar 'yan fashi, wurin da ake tsintar gawa. A lokaci guda masu hannu da shuni suna yanka shi a asirce. A Janairun 1999 aka fasa wa Wangari Maathai kai a bakinsa, lokacin da ta je dasa itatuwa don nuna ƙin amincewa da rabon filin. Shekaru goma bayan haka, a 2009, mazauna kewayen suka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest, suka haɗa hannu da hukumar gandun dajin Kenya. Aka zagaye dajin da shingen lantarki, aka ɗauki matasan unguwannin talakawa da ke gefensa aikin sintiri da share hanya, aka sa ɗan kuɗin shiga. Yanzu akwai hanyoyi sama da kilomita 50 a cikinsa, kuma iyalai suna zuwa da yaransu su yi hayan keke.

Gaskiya ne cewa 'yan fashin Karura ba su kai ƙarfin masu ɗauke da manyan bindigogi a dazuzzukan yammacin Kaduna ba, kuma shinge da ɗan sintiri ba za su maye gurbin soja ba. Abin da Karura ta koyar shi ne tsarin aiki. Wurin da idanu suka yi yawa a kansa, wanda wasu ke cin abinci daga zaman lafiyarsa, ya fi wuyar ƙwacewa, ko ga ɗan fashi ko ga mai neman fuloti. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Saboda haka hikima ita ce a fara daga inda idanu suke tun yanzu. Gaɓar Malali tana cikin gari. Bayanta akwai gidaje, da Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke nan tun 1973, da gidan ruwa mai masu gadi dare da rana. Daga nan hanya za ta iya gangarawa ta Unguwar Rimi zuwa lambun Gamji, inda tsohuwar gadar ƙafa ta Lugard, wadda aka ɗauko daga Zungeru, take tsaye. Kangimi za ta zo a zango na biyu, idan mutanen ƙauyukan da ke kewayenta sun yarda kuma jami'an tsaro sun tabbatar. Afaka ita ce ta ƙarshe, ranar da ta samu.

Don wa za a yi?

Suka ta biyu ta fi ta farko kaifi. Za a ce wannan nishaɗin masu ƙoshi ne, na 'yan bokon da suka ga abin a Turai, a garin da wasu unguwanni ke kwana babu ruwan famfo. Idan abin da za a gina wurin motsa jiki ne na ƙarshen mako, mai ƙofa da tikiti mai tsada, to sukar ta yi daidai, kuma gwamma a bar shi.

Sai dai a duba wanda ke kan keke a Kaduna yau. Leburan gini ne, da maigadi mai komawa gida da safe, da ɗalibi, da mai kai kayan miya kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuma kuɗin mota ya zama babban kaso na albashin ƙaramin ma'aikaci. Hanyar da ta tashi daga Malali ta sauka kusa da tsakiyar gari ba tare da haɗuwa da tifa ba, hanyar zuwa aiki ce ga wannan mutum daga Litinin zuwa Juma'a. Ɗan boko mai keke mai giya goma sha biyu baƙo ne a kanta ranar Asabar, kuma barka da zuwansa, domin shi ma yana da bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya samu aƙalla mintuna 150 na motsa jiki a mako, kuma masu aikin ofis da ke zirga-zirga tsakanin kujera da sitiyari su ne hawan jini da ciwon suga suka fi yi wa sallama. Akwai kuma waɗanda titi ya rufe wa ƙofa gaba ɗaya: yara, da dattawa, da matan da ba za su koyi hawa a gaban masu Keke Napep ba amma za su koya a wurin da aka keɓe musu sa'o'i na musamman.

Masu haƙƙi na farko a wurin su ne manoman lambu da masunta. Aikin da ya kore su ya mutu tun kafin a fara shi, domin su ne idanun da ake magana a kai. Hanya ta bi gefen gonakinsu, a biya diyyar duk kunyar da ta shafa, a bar musu mashigai da lokacin fitar da kaya. Ruwanda ta gwada irin wannan a hanyar Congo Nile Trail da ta buɗe a 2011, mai tsawon kilomita 227 a gaɓar Tafkin Kivu, daga Rubavu zuwa Rusizi. Hanyar tana ratsa gonakin kofi da ƙauyukan masunta, kuma mutanen wurin ne ke jagorantar baƙi da sayar musu da abinci da makwanci. A Malali ma mai faci, da mai shayi, da mai sayar da latas da karas daga lambunsa, da matashin da zai ajiye kekuna goma na gwanjo yana ba da haya, su ne za su fi kowa kishin hanyar.

Yadda aikin yake

Hanyar burji mai kyau ba ta bukatar ɗan kwangila daga waje. Faɗin mita uku ya isa kekuna biyu su wuce juna. Ana zuba marmara a daddaɓe ta da ruwa, a bar tsakiya da ɗan tudu don ruwan sama ya gangara gefe, a sa kwalbati duk inda rafi ya ratsa. Abokan gabarta uku ne. Na farko damina, wadda daga Mayu zuwa Oktoba ke zaizaye duk hanyar da ba a yi wa magudana ba, don haka dole a ware kuɗin gyara kowace shekara bayan ɗaukewar ruwa. Na biyu tsidau da sauran ƙayoyi, waɗanda shara a kai a kai ke maganinsu. Na uku, wanda ya fi su wuya, shi ne babur. Turakun ƙarfe suna tare mota, amma duk ratar da keke ya bi babur zai bi, kuma ranar da 'yan acaɓa suka gano gajeriyar hanya babu cunkoso, shike nan an koma gidan jiya. Wannan sai doka bayyananniya da masu tsaro 'yan unguwa da ake biya, tare da masu unguwanni a cikin kwamitin kula.

Amma kafin shebur na farko, akwai aikin takarda, kuma shi ne mai gaggawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora amanar filayen birni a hannun gwamna. Hukumar KADGIS tana riƙe da taswirar kowane fuloti, KASUPDA kuma ita ke ba da izinin gini. Idan waɗannan suka ja layi a taswira daga Malali zuwa Gamji, suka wallafa shi, suka daina ba da takarda a cikinsa, an yi rabin aiki ko da ba a zuba tifa ɗaya ta marmara ba a wannan shekara. Injiniyoyi da masu tsara birane da lauyoyi da likitocin da ke zaune a Malali da Unguwar Rimi su ne suka san ƙofofin waɗannan ofisoshi, kuma Karura ta nuna cewa irin wannan aiki daga ƙungiyar mazauna yake tashi.

Kaduna ta samo sunanta daga kadoji na wannan kogi, amma mafi yawan 'ya'yanta ba su taɓa ganinsa ba sai ta tagar mota a kan gada. Yaron da aka haifa a Malali yau zai iya girma ya san hanyar filin jirgi bai san inda zalɓe ke kamun kifi a bayan gidansu ba. Kilomita biyar na jar ƙasa za su canza masa wannan. Filin yana nan tukuna, sai dai kowane rani yana ƙara tsukewa.